Rabon Sabis a Gidan Mata Uku

A wannan watan ka yi mini uzuri, ba sharhin fim na zo maka da shi ba, ba kuma na littafi ba. Labarin gidanmu zan ba ka. In ka ga dama ma ka kira shi fim, don kuwa akwai uwargida a ciki, akwai ta tsakiya, akwai amarya, har da hawaye. Rawa da waƙa ne kawai babu.

In kana cikin waɗanda suka yi wayo a ƙarshen shekarun 1990, ai ka san yadda ake kallo a babban gida. Talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya, kaset ɗin haya ɗaya wanda dole a mayar gobe kafin kuɗin ya ninka. Ina tuna daren da aka kawo Sangaya gidanmu, lokacin yana tashe bayan fitowarsa a 1999. Aka fito da talabijin tsakar gida aka ɗora a kan tebur, aka baza tabarmi. Matan Baba su uku a jere a baya, mu yara a gaba, 'ya'yan maƙwabta sun cika shigifa. Da Ali Nuhu ya fito sai 'yanmata su hau zungurar juna, Hajiya Babba ta ce a yi mata shiru ko ta sa a kashe. A wancan zamanin ban taɓa jin an ce an fifita ɗakin wata a kan kallo ba, saboda abin guda ɗaya ne, kuma a tsakiya yake.

Gidan a cikin birnin Kano yake, kakanmu ne ya kafa shi. Sai ka wuce zaure biyu kafin ka isa tsakar gida. Sashen Hajiya Babba shi ne tsohon ginin, can a ƙurya, tubali ne da azara, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu. Sashen Umma, mahaifiyata, ginin bulo ne mai rufin kwano. Anti kuwa, wadda har yau amarya ake ce mata ko da yake ta aurar da 'ya'ya, bene aka yi mata a kan ɗakunan samari, kankare da rodi. Tsakanin waɗannan akwai kicin, da rijiya, da wani ƙaton tankin ruwa na ƙarfe a kan ƙafafunsa. In an haɗa da matan ƙannena da jikoki, mun haura mutum 30.

A ƙarshen 2022 na gaji da “Yaya a tura mini data” kullum safiya. Na yi lissafi na ga abin da nake rabawa ɗaiɗai ya fi kuɗin babban kunshi na wata, sai na sayo rauta, irin wadda ake saka wa layin waya ta baza Wi-Fi. Na ajiye ta a falon Umma. Dalilina biyu ne: a nan inbata da batiran sola suke, kuma tagar falon ce take kallon eriyar kamfanin waya, sabis ya fi ƙarfi a wurin. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Makonnin farko ma abin dariya ya zama. Yara suka tare a gindin tagar Umma kamar ƙuda ya ga mangwaro, 'yanmata na karatun littattafai a WhatsApp da Wattpad, samari na kallon Izzar So. Anti ta gano cewa a matakala ta uku ta benenta sabis yake tsayawa, ta mayar da wurin falo, har da matashin kai.

Wadda ban yi tunani ba ita ce Hajiya Babba. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Yayarmu, aure ya kai ta Jidda. Ta yi shekara 15 ba haihuwa, sai a farkon 2023 Allah ya ba ta ɗa namiji. To, in Hajiya tana son ganin jikan nan a kiran bidiyo, sai ta ɗauki sandarta, ta ratsa tsakar gida da ciwon gwiwarta, ta zo ta tsaya a barandar kishiyarta. Umma ta fito da kujera ta ce, “Yaya, ki shigo ciki mana.” Ita kuma ta ce, “A'a, nan ma ya isa.” 'Yan'uwana mata masu karanta wannan shafi, na san ba sai na yi muku fashin baƙi ba. Matar da shekara sama da 40 wajenta ake zuwa gaisuwa, matar da a ɗakinta aka yaye ni, ita ce a tsaye a ƙofar wata tana ɗaga waya sama tana neman sabis, jikoki na kallo.

Sau uku ta zo, ba ta ƙara ba. Bayan mako biyu Yaya ta kira ni daga Jidda ta ce, “Wai lafiyar Hajiya kuwa? Ta ce mini wayarta ce ta lalace, ka duba mata mana.” Ni na sayi wayar nan, na san ƙalau take. Washegari wata 'yar ƙanena, irin yaran nan da ba a ɓoye magana a gabansu, ta ce mini, “Hajiya ta ce abin na masu 'ya'ya maza ne.” Mai karatu, ranar tuwo bai wuce mini ba.

Na ruga kasuwa. Mai shago ya miƙo mini wata 'yar na'ura mai ƙaho biyu ya ce busta ce, in na soka ta a soket magana ta ƙare. Na kai ta ƙofar ɗakin Hajiya na soka. Sandunan sabis suka cika fal a wayarta, na yi ta murna, muka kira Jidda. Fuskar Yaya ta fito, ta daskare da baki a buɗe, muryar tana zuwa guntu-guntu kamar kaset ɗin da bidiyo ya tauna. Daga baya na fahimci dalili. Aikin busta irin na sanƙira ne, ta ji magana ta maimaita da ƙarfi. To sanƙiran da aka tsayar inda shi kansa ba ya jin mai magana, me zai maimaita? Cikar sandunan nan shaida ce kawai cewa wayar tana jin busta, ba ta nuna ko busta tana jin rauta. Sannan irin waɗannan masu araha a tasha ɗaya suke karɓa suke kuma mayarwa, ba sa iya yin biyun a lokaci guda, don haka ko an ajiye su a wuri mai kyau gudun yakan ragu da kusan rabi. Hajiya ta kalli abin ta ce, “Cire mini shi, yana shan wuta a banza.”

Maganar ta kai kunnen Baba. Shi ba ruwansa da babbar waya, rediyonsa ta ishe shi. Ya sa aka kira ni turaka bayan isha'i, ya bar ni a durƙushe har sai da aka gama labaran duniya, sannan ya rage murya ya ce, “Na ji an ce ka kawo wani abu gidan nan da yake shiga ɗaki ɗaya ya tsallake biyu.” Na fara bayanin bango da eriya, ya ɗaga mini hannu. “Tun kafin a haife ka nake raba kwana nake raba cefane. Ko tsintsiya ban taɓa sayo guda ɗaya ba. Ko dai ya ishi kowa, ko ka kwashe kayanka.”

Sai na nemo ƙanen wani abokina, yaro ne mai sana'ar saka kyamarar tsaro da haɗa intanet a ofisoshi. Kafin ya yi kwana ɗaya 'yan gidan sun raɗa masa Injiniya. Abin da na fara ce masa shi ne ya samo mini rauta mai ƙarfin gaske wadda za ta huda bango. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ko lasifika ka ɗaura, in wanda kake wa magana raɗa yake mayar maka daga bayan katanga, ai hira ba za ta yiwu ba.” Wannan maganar ce ta buɗe mini kai. Wi-Fi rediyo ce, amma mai zuwa da dawowa. Rauta ta yi magana, waya ta amsa. Ita kuwa waya 'yar eriyarta ƙarama ce, batirinta kaɗan, muryarta ba ta da nisa. Don haka maganin babban gida shi ne a kai ƙananan tashoshi kusa da inda mutane suke zama, a haɗa su duka da kebul zuwa uwa guda. Masu sana'ar suna ce wa kowace tasha akses foyin. Waɗanda ya kawo mana farare ne, zagayayyu, da Umma ta gani ta ce “wannan ai faifai ne”, sunan ya bi su har yau.

Ya ƙara mini da cewa zango biyu Wi-Fi ta fi amfani da su, kamar yadda rediyon Baba take da gajeren zango da matsakaici. Akwai na gigahaz 2.4, yana da nisa kuma ya fi daurewa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Akwai na gigahaz 5, ya fi gudu da yalwa, sai dai da ya haɗu da bango mai kauri ya sare. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, ga shi mu mun haɗa biyun a tanki ɗaya mun kafa a tsakiyar gida. Na tambaye shi waɗanda ake talla masu magana da juna ba kebul, ya ce suna da kyau a gidajen Amurka inda bangon ciki katako ne da allo, amma a ginin tubali da kankare duk inda kebul zai iya zuwa, a kai shi.

Bari in ɗan ratse, tunda shafin 'yan fim ne. Ko ka san wata jarumar Hollywood tana da hannu a tarihin irin wannan fasaha? Hedy Lamarr, wadda ta fito a Samson and Delilah na 1949, ita da wani mawaƙin kiɗa George Antheil sun sami rajistar wata ƙirƙira a 1942: dabarar sa saƙon rediyo ya riƙa tsalle daga tasha zuwa tasha don kada abokan gaba su toshe shi, a lokacin yaƙin duniya na biyu. Za ka ji ana cewa ita ta ƙirƙiro Wi-Fi. Wannan an zuzuta. Gaskiyar ita ce ƙa'idar Wi-Fi ta farko, ta 1997, ta tanadi irin wannan tsallen, Bluetooth ma da shi yake aiki, amma Wi-Fi ta yau wata hanyar ta bi. Duk da haka, duk mai cewa 'yan fim ba su iya komai ba sai rawa, ka ba shi wannan labarin.

Mu koma gida. Kafin Injiniya ya taɓa ko ƙusa, sai da ya zagaye gidan kaf da wata manhaja a wayarsa mai auna ƙarfin sigina. Lamba take nunawa mai alamar ragi a gaba, kuma duk yadda ta kusanci sifiri ta fi kyau. A falon Umma ta nuna -45. A matakalar Anti -72. A bayan tanki ta haura -80, a uwar ɗakin Hajiya kuwa ko sunan netwok ɗin bai fito ba. Ya ce abin da ake so don kiran bidiyo shi ne kada a gaza -67 a duk inda mutum zai zauna, kuma duk ragin 3 da ka gani, ƙarfin ya faɗi da rabi ne. Ya zana taswirar gidan a bayan kalanda, ya ɗiga wurare biyar: ɗaya a sashen Umma, ɗaya a benen Anti, ɗaya tsakanin ɗakunan samari da zaure, biyu a sashen Hajiya, domin bangon da ya raba falonta da uwar ɗaki shi kaɗai ya isa ya cinye sigina.

Biyu. Kafin la'asar kalmar ta zagaye gidan. Anti ta tare ni a gindin bene tana murmushin da ba na daɗi ba ta ce, “Ashe yanzu kuma bibbiyu ake rabawa? Allah ya ba mu haƙuri.” Umma ba ta ce komai ba, wanda ya fi maganar ciwo. Injiniya ya ja ni gefe ya ce yana da wani mataccen faifai a jaka, mu liƙa wa Anti a silin, ba wanda zai gane. Ka ji shaiɗan! Na ɗan yi jim, ba zan ɓoye maka ba, amma na tuna gidanmu ba a yin sirri ya kwana uku. Na koma wurin Baba. Tambaya ɗaya ya yi mini: “Abin da zai shiga ɗakin kowacce, ɗaya ne?” Na ce ɗaya ne. Ya ce, “To ku yi aikinku. In kun gama a nuna musu da idonsu.”

Kwana uku ana “gafara dai, maza za su shigo”, mata na jan mayafi suna mita. Kowane faifai da kebul ɗinsa, ya taho har falon Umma ya shiga wani akwati mai ramuka da ake kira suwic, shi kuma ya shiga rauta. Kebul ɗin yana da ƙa'ida: kada tsawonsa ya wuce mita 100 daga suwic zuwa faifai. Namu mafi tsawo, na Hajiya, ya ci wajen mita 70 saboda zagaye. A nan ma na tafka wauta. Don in rage kashe kuɗi na je da kaina na sayo kwali guda, mai mita 305, an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro a jiki, a farashin da ya kamata ya sa ni zargi. Injiniya ya feɗe bakinsa, silli takwas ne a murɗe bibbiyu, ya ɗauki reza ya kankare guda. Sai ga fari a ƙarƙashin ja. Alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla. Ya ce irin wannan yana karyewa a lanƙwasa, yana zafi, kuma wuta tana raguwa a cikinsa kafin ta kai. Mai shagon ya ce kayan da aka yanka ba ya komawa. Yanzu haka da shi ake shanya a bayan kicin.

Maganar wuta kuwa, ita ce abin da ya fi burge ni. Kebul ɗin nan guda shi yake ɗaukar intanet, shi yake kuma kai wa faifai wutar da zai ci, daga suwic. Tsari ne da aka yi wa ƙa'ida tun 2003, ana ce masa PoE. Amfaninsa gare mu babba ne: ba sai an ja soket a silin ba, kuma tunda suwic da rauta a kan inbata suke, in an ɗauke wuta duk faifan biyar suna nan a kunne. Kowannensu abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Ka tuna a watan Mayu na 2023 aka cire tallafin mai, janareton gidanmu ya koma sai ranar suna.

Da aka zo huda bangon Hajiya ta ce atafau. “Ginin da surukina ya tsaya a kansa, ba mai sa masa ƙarfe ina raye.” Aka bi ta wata 'yar taga ta sama kusa da azara. A waje kuma duk a cikin bututun roba aka zura kebul saboda rana da ɓera, inda zai ratsa tsakar gida aka binne shi, aka kuma sa masa abin kariya daga tsawa, don damina ba ta da sabo. Sai rigimar inda za a liƙa. Hajiya ta so a ɓoye faifan a bayan jerenta, kabet guda cike da kwalla da tasoshi da samiru tun na aurenta. Injiniya ya durƙusa ya ce, “Hajiya, a gafarce ni, in na sa shi a bayan kwanukan nan, su kaɗai za su riƙa kallon fim.” Ta yi dariya, karo na farko tun fara rikicin. Aka liƙa shi a sama, a fili, a tsakiyar ɗaki, wanda nan ne muhallinsa.

Saura saiti. Duk faifan suna ɗaya aka ba su da kalmar sirri ɗaya da irin kulle ɗaya, WPA2, don wasu tsofaffin wayoyin gidan ba su san sabon kullen WPA3 na 2018 ba. Da haka mutum zai tashi daga zaure har ƙurya wayarsa tana sauya faifai ba tare da ya taɓa komai ba. Amma tasha kowanne da tasa. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, sai ya rarraba su yadda maƙwabtan juna ba za su haɗu a ɗaya ba. Sannan ya yi abin da ya ɗaure mini kai: ya rage wa kowanne ƙarfi. Na ce kai da na biya ka ka ƙara? Ya ce waya ce take yanke shawarar barin faifai, ba faifan ba, kuma tana da naci. Muddin tana jin na farko ko da ƙyar, sai ta maƙale masa alhali ga wani a saman kanta. In an rage muryar kowanne ya tsaya a sashensa, dole ta saki ta kama na kusa.

Ka ɗauka na yi hankali? Daren da aka gama, na tuna ina da wata tsohuwar rauta a durowa, na ce bari in ƙara wa samari ta shida. Na jona ta na kwanta. Da safe rabin gidan ba intanet, ga sanduna cike. Anti ta leƙo daga bene ta ce, “An fara ke nan.” Injiniya ya zo, minti biyar ya gano. Kowace waya in ta shiga netwok sai an ba ta adireshi, lamba irin 192.168.1.20, kuma na'ura ɗaya tak ya kamata ta riƙa rabawa. Aikin ana kiran sa DHCP. Tsohuwar rautar tawa ta tashi ita ma tana rabon nata, duk wayar da ta karɓa daga hannunta sai ta kama hanyar da ba ta fita ko'ina. Girki ne ya faɗo wa mata biyu rana ɗaya. Ya kashe mata rabon, ya ba ta adireshin da bai yi karo da na uwar ba, ya cire kebul daga ramin shigowar intanet ya mayar ɗaya daga ramukan cikin gida, ta koma faifai kamar sauran. In kana da tsohuwar rauta, haka za ka yi mata, ba sai ka sayi sabo ba.

Abu ɗaya da faifai ba ya yi, ba ya ƙara ruwa a tanki. Famfo ne kawai aka ƙara. Datar da take kai mu wata ta ƙare a kwana 12. Sai da aka sa wa kowace waya iyaka, aka koya wa yara su sauke hoton YouTube daga 1080 zuwa 480, wanda a fuskar waya bambancin bai kai a yi faɗa ba. Muka kuma gano kalmar sirrinmu ta kai har bakin layi, 'yan majalisar ƙofar gida duk suna ciki. Na so in rufe, Baba ya ce maƙwabcin da ya sha ruwan rijiyarka ba a hana shi wannan. Aka buɗe musu suna na daban, na baƙi, mai ƙayyadadden gudu, wanda ba ya leƙa na cikin gida.

Daren gwaji kuwa ba zan manta da shi ba. Baba a gaba da sandarsa, ni a bayansa riƙe da waya ɗaya an kunna Labarina na Aminu Saira, Umma da Anti da tarin yara a biye. Hajiya ta ce ita ba ta iya hawa bene, a je a dawo a same ta. Muka hau wurin Anti, har uwar ɗaki, fim na tafiya. Muka sauko sashen Umma, yana tafiya. Muka ratsa tsakar gida, muka shiga falon Hajiya, muka wuce bangon nan mai kamu biyu, bai tsaya ba. Baba ya dubi matansa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ce uffan, ya juya ya koma wajen rediyonsa.

Na karɓi wayar Hajiya na kira Jidda. Awa biyu suke gabanmu, dare ya yi can, amma aka yi sa'a yaron bai yi barci ba. Hoton ya fito tar, har ana ganin haƙoransa biyu na ƙasa. Hajiya tana zaune a bakin gadonta ta riƙe wayar da hannu biyu. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ku ja mini ƙofa.” Ina fita na jiyo ta tana cewa, “Maigidana, ashe haka ka girma ba ka aiko mini da cefane ba?” Muryar tana rawa.

To, an zauna lafiya. Sai dai bayan 'yan makonni na lura da wani abu. In aka yi isha'i tsakar gidanmu sai ta yi tsit. Ba yara a gindin taga, ba Anti a matakala ta uku. Mutum sama da 30, kowa a ɗakinsa, sai hasken waya ta ƙarƙashin labule. Na tsaya daidai inda aka ɗora talabijin daren Sangaya, ba kowa sai kyanwa.

Wani dare ina falon Umma ina duba ragowar data, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Kai, tunda ka yi aikin nan naka Yaya ta daina leƙo ni.” Na saki baki. Na ce, “Umma, ai zuwan ne ba ta so.” Ta ce, “Na sani. Amma ko ba ta zauna ba ai muna gaisawa, ina ganin yaron.” Ta yi shiru. Can ta miƙe ta yafa mayafi, ta ɗauki wayarta da fim ɗin da take kallo bai ƙare ba, ta zura takalmi ta fita.

Na bi ta da ido daga baranda. Sautin fim ɗin yana tafiya tare da ita a cikin duhu. Daidai tanki ya ɗan sarƙe, kamar na daƙiƙa ɗaya, sannan ya ci gaba, na san wayar ta saki faifanmu ta kama na can. Ta tsaya a ƙofar ta yi sallama.

“Wa ke nan?”

“Ni ce, Yaya.”

“To shigo mana, kin tsaya a waje kamar baƙuwa.”

Umma ta cire takalmi, ta ɗaga labule ta shiga.